Garaɓasar Steam daga Sakkwato: ragin na gaskiya ne, data da zafi ke cin ribar

Sau huɗu a shekara kantin intanet na Steam, mallakar kamfanin Valve na Amurka, yake karya farashin dubban wasannin kwamfuta lokaci guda. Biyu ne manya, kowacce wajen mako biyu: wadda ke farawa ƙarshen Yuni ta shiga Yuli, da wadda ke farawa bayan tsakiyar Disamba ta kai farkon Janairu. Akwai ta watan Maris mai mako guda, da ta kaka da aka saba yi ƙarshen Nuwamba, sai a 2025 aka jawo ta zuwa ƙarshen Satumba. Da agogonmu, ta Yuni ƙarfe 6 na yamma take buɗewa, ta Disamba kuwa ƙarfe 7, tsakanin magariba da isha'i.

Ragin ba yaudara ba ne. Portal 2 da Left 4 Dead 2, masu dala 9.99, kan sauko dala 1.99, wani lokaci har 0.99. Euro Truck Simulator 2 kan bar dala 19.99 ya dawo 4.99. The Witcher 3 da duk ƙarin labaransa kan faɗo daga 49.99 zuwa 9.99, Red Dead Redemption 2 kuma daga 59.99 zuwa ƙasa da 20. Tsofaffin wasanni ne ke samun wannan faɗuwa. Gem ɗin da bai shekara da fitowa ba, in an yi maka kashi 20 ko 30 cikin ɗari, an kyauta. Akwai ma irin su Factorio da masu shi suka ce ba sa ragi sam. Valve kuma ya hana a ɗora ragi cikin kwana 30 bayan ƙara farashi, saboda haka dabarar a hau da kuɗi yau a ce an rage gobe ba ta cika yiwuwa a nan ba.

Tun ƙarshen 2015 aka daina ragin da ke zuwa na 'yan awoyi ya wuce. Farashin da ka gani daren farko shi za ka gani ranar ƙarshe. Babu dalilin rububi. Daren buɗewa ma shi ne mafi muni: shafi na nauyi, biya na maƙalewa, kuma wanda katinsa dama da ƙyar yake wucewa shi ya fi shan wahala. Ka bari sai kwana na biyu ko na uku. Kafin lokacin ka zuba abin da kake so a jerin buri, wanda suke kira Wishlist, za a turo maka imel idan an rage. Ka kuma duba tarihin farashin gem ɗin a shafin SteamDB ko na IsThereAnyDeal. Idan ya taɓa sauka ƙasa da haka, kusan kullum zai sake sauka nan da 'yan watanni.

Biyan kuɗi

Babu naira a Steam. Da dala ake yi mana farashi, kuma Najeriya ba ta cikin rukunin ƙasashen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka da Valve ya ware wa nasu farashin dala a Nuwamban 2023. Wannan babban aibu ne a wajenmu, ba kuma alamar garaɓasa za ta gyara shi.

Hanyoyin biya uku ne. Katin naira na banki, tunda wasu bankuna sun dawo da saye daga waje a 2025 bayan dogon dakatarwa, kowanne da iyakar da ya sa. Katin asusun dala. Sai katin dala na manhaja, wanda ba a riƙe shi a hannu, lambobi ne kawai a waya. Na ukun shi matasa suka fi amfani da shi, shi ne kuma ya fi kawo rigima. Adireshin da ke kan irin wannan kati sau da yawa na Amurka ne, kantinka kuma an saita shi Najeriya, sai Steam ya ga saɓani ya ƙi karɓa. Ko kuma ka zuba dala 10 cif don sayen abin dala 9.99, a cire ɗan kuɗin caji, abin da ya rage ya gaza. Ka riƙa ɗora dala ɗaya ko biyu a kai. Idan an ƙi karɓa sau biyu, tsaya. Nacewa na sa Steam ya rufe maka saye na wani lokaci, wasu manhajojin kuma suna cirar tara duk lokacin da kati ya faɗi, har su soke shi. Kuɗin da aka cira ba a ba ka kaya ba yawanci riƙewa aka yi, yana komawa da kansa. Kada ka garzaya banki ka ce a ƙwato maka kuɗin sayen da ya riga ya wuce, domin Steam na ƙuntata asusun da aka yi wa haka.

Ya fi sauƙi ka tara duk abin da za ka saya a kwando ka biya sau ɗaya, ko ka zuba kuɗi a lalitar Steam, mafi ƙaranci dala 5. Abin da ya shiga lalitar ba ya fita ya koma banki, to ka zuba daidai buƙata. Mai ɗan'uwa a waje yana da wata hanya: idan kun kwana uku da zama abokai a Steam, zai iya turo maka katin kyauta kai tsaye cikin lalitarka.

Game da VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da kake, don a koma wata ƙasa mai arha: ƙa'idar Steam ta haramta, canjin ƙasa sai da katin bankin ƙasar, sau ɗaya kuma a wata uku. Asusun da ka tara wasannin dala 100 a ciki bai kamata ka sa shi a wannan haɗari don ceton dala uku ba.

Inda ribar ke zurarewa

Ɗauki Red Dead Redemption 2. A ce ka same shi dala 15, a ce kuma dala tana naira 1,500: naira 22,500 ke nan. Shafinsa ya nemi fili giga 150, abin da za ka sauke ya haura giga 100. A ce babban kunshin data ya tsaya maka naira 300 kowane giga, ka ga data kaɗai ta wuce naira 30,000. Ka sayi rago da araha a kasuwar Illela, kuɗin motar kawo shi gida ya fi kuɗin ragon. Ka sa farashin dala da na data na ranar da kake karantawa, lissafin ba zai canza fuska sosai ba, musamman bayan ƙarin kashi 50 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025.

Ga kuma lokaci. Layin da ke ba da megabit 10 a daƙiƙa ba yankewa zai ɗauki awa 22 kafin ya sauke giga 100. Idan 5 yake bayarwa, awa 44. A unguwanni masu cunkoso irin su Mabera ko Runjin Sambo, da yamma lokacin da kowa ya hau waya, layi kan ja baya, sai dare ya raba yake sakewa. A lura kuma, megabit da kamfanin waya ke faɗa sai an raba shi takwas kafin ya zama megabait da ake auna fayil da shi. Abin yabo ɗaya a nan: idan wuta ta ɗauke ko layi ya yanke, Steam na ci gaba daga inda ya tsaya, ba ya komawa farko.

Shi ya sa wasannin da suka fi dacewa da mu a garaɓasa ƙanana ne. Terraria mega 200 shafinsa ya nema. Stardew Valley rabin giga. Portal 2 giga 8, Hollow Knight 9, Left 4 Dead 2 kuma 13, Hades 15. Kowannensu na iya cinye maka makonni, kuma duk suna tafiya a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi.

Ga manya kuwa akwai dabarar da ta halasta, kuma ba kowa ya san ta ba. Idan abokinka ya riga ya sauke gem ɗin, kai ma ka saya a naka asusun, ba sai ka sake sauke shi ba. Ku shiga jakar Steam a kwamfutarsa, ku buɗe steamapps, sannan common, ku kwafi jakar gem ɗin gaba ɗaya zuwa faifan ajiya na waje. Ka zuba ta daidai wannan wuri a taka kwamfutar, sannan ka danna Install. Steam zai gano fayilolin, ya duba su, ya sauko da abin da ya rage kawai. Abin da ke ɓata aikin yawanci shi ne filashin da ke kan tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. A mayar da shi exFAT ko NTFS tukuna. Tun 2023 kuma Steam na iya tura gem daga kwamfuta zuwa kwamfuta idan suna kan Wi-Fi ɗaya, in an kunna izinin abokai a sashen Downloads na saitin Steam (Settings). Ɗalibai huɗu a ɗaki ɗaya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo za su iya haɗa kuɗin data sau ɗaya, kowa ya sayi nasa.

Bayan saukewa ma data ba ta tsira ba. Steam na sabunta wasanni da kansa, wani sabuntawar giga 10 ko 20 ne, kuma ba ya tambaya. Ka shiga Properties na kowane babban gem, sashen Updates, ka zaɓi kada a sabunta sai za ka buɗe shi. A Downloads ka ƙayyade awoyin da aka yarda ya yi sabuntawa, su dace da datar dare idan kana saye. A Windows ma ka nuna cewa layin naka mai awo ne, don kada shi ma ya ja nasa.

Kwamfutar za ta ɗauka?

Yawancin laftof da ke hannun mutane a garin nan na hannu ne, irin su HP EliteBook 840 da Dell Latitude: Core i5, ram giga 8, SSD giga 256, ba katin hoto na daban, sai Intel HD 520 ko UHD 620 da ke jikin furosesa. Don ofis aka yi su. Sunan i7 a jikin sitika ba ya canza wannan, katin hoto ne ke ɗaukar nauyin gem. Irin wannan na'ura za ta buga ƙananan da aka lissafa a sama, za ta lallaɓa da Euro Truck idan an sauke hoto zuwa 720p an rage inuwa, amma Red Dead da The Witcher 3 ba nata ba ne. Gyara mafi arha da ke taimaka mata shi ne ram guda biyu masu girma ɗaya maimakon guda, misali 8 da 8, domin katin hoton jikin furosesa daga ram yake aro, kuma hanya biyu ta fi ɗaya sauri.

A nan tsarin mayar da kuɗi na Steam ya zama abu mafi daraja a kantin. Cikin kwana 14 da saye, idan ba ka buga awa biyu ba, za ka iya neman kuɗinka a shafin help.steampowered.com, kowane dalili ka bayar, ko da a garaɓasa ka saya. Valve ma ya ce ba laifi ba ne wanda ya saya gab da garaɓasa ya mayar ya sake saye da ragi. Sai dai agogon awa biyun na gudu muddin gem ɗin a buɗe yake, ko kana tsaye a shafin farko, ko kana fama da manhajar wani kamfani da ke buɗewa kafin wasan. Kuma datar da ka ƙona ba mai biyan ka. Idan da katin manhaja ka biya, ka zaɓi a mayar cikin lalitar Steam, ya fi sauri, kuma ba ka da fargabar an soke katin kafin kuɗin su iso.

Yadda za ka yi gwajin yana da muhimmanci a Sakkwato fiye da wurare da yawa. Ka kunna ma'aunin hotuna a daƙiƙa a sashen In Game na saitin Steam, ka wuce bidiyon buɗewa, ka shiga wasan sosai na minti 30 zuwa 40, da rana, a ɗakin da za ka riƙa bugawa. Minti goma na farko ba sa nuna komai. Furosesa na fara rage gudun kansa idan zafinsa ya doshi digiri 95 zuwa 100, kuma a watan Afrilu da Mayu da iskar gari kanta ke wuce digiri 40, laftof ba ta da inda za ta zubar da zafi. Gem ɗin da ya fara da hoto 45 a daƙiƙa sai ka ga ya koma 20 yana tsalle-tsalle. Ƙasa da 30 ba a jin daɗin wasa. Wanda ya saya a Disamba, ya gwada cikin sanyin hunturu komai lafiya, ya sani bazara na nan tafe.

Hunturun ma da nasa: ƙura. Tana taruwa ta zama kamar auduga tsakanin fanka da ƙarfen da ke fitar da zafi. A buɗe a share sau ɗaya bayan hunturu, kafin zafi ya kama. Idan na'urar ta shekara uku ko fiye, mai gyara ya goge tsohon man da ke kan furosesa ya sa sabo, ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa. Kada a ɗora ta kan katifa ko darduma, a ɗaga bayanta da littafi iska ta shiga.

Wuta kuma: laftof da ke kan batir tana rage ƙarfinta, to gwajin ya zama da caja a jiki. Cajar ta ofis wat 45 zuwa 65 take ja, ta gem kuwa 150 zuwa 230, abin da mai ƙaramin sola ya kamata ya lissafa kafin ya yi wa batirin gida illa da dare. Mai kwamfutar tebur ba shi da zaɓi sai UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke. Ɗaukewar wuta a tsakiyar ajiye wasa na lalata fayil. Idan gem ya ƙi buɗewa bayan haka, kada ka goge shi. A Properties, sashen Installed Files, akwai umarnin duba lafiyar fayiloli, zai sauko da wanda ya lalace kaɗai.

Buga gem ba intanet

Steam na da yanayin aiki ba layi, Go Offline a jerin da ke saman hagu. Yana aiki, da sharaɗi: ka shiga asusu ka bar shi ya tuna da kai, gem ɗin ya gama duk sabuntawa, ka kuma buɗe shi sau ɗaya da intanet. Wanda ya tafi hutu ƙauye bai yi haka ba zai tarar da ƙofa a kulle. Matsalar ta fi yawa a wasannin EA, Ubisoft da Rockstar, masu buƙatar asusu na biyu da manhajarsu ta daban, da masu Denuvo, wata kariyar hana satar gem, da kan nemi a sake tantancewa ta intanet lokaci zuwa lokaci. Ana rubuta wannan a wani ɗan akwati a gefen dama na shafin gem. Ka karanta shi kafin ka karanta farashi.

Masu son gem ɗin ƙwallo su yi hattara. EA Sports FC na fitowa ƙarshen Satumba da cikakken farashi, zuwa garaɓasar Disamba yakan sauko rabi ko fiye. Amma FC 25 ya nemi fili giga 100 da katin hoto aƙalla GTX 1050 Ti, ga manhajar EA, ga sabuntawa akai-akai. Mai EliteBook ya haƙura, gidan gem na unguwa da PlayStation ya fi masa araha. Wasa da mutane ta intanet kuma yana fama da nisa, domin na'urorin da ke haɗa 'yan wasa galibi a Turai ko Afirka ta Kudu suke. Sannan akwatunan 'yan wasa da ake saye da kuɗi ba a san abin da ke ciki ba sun yi kama da caca ƙwarai, garaɓasa kuma ba ta rage musu komai.

Wani tarkon shi ne ƙarin kaya. Euro Truck na dala 4.99 tushe ne kawai, ƙarin taswirorin ƙasashe daban ake sayar da su. The Sims 4 kyauta ne tun 2022, amma ƙarinsa in aka tara sun kai ɗaruruwan daloli. Ka buga tushen tukuna. Yawancin kunshin Steam na cire kuɗin abin da ka riga ka mallaka, don haka jinkiri ba asara ba ne.

Masu tallar "asusun Steam mai gem 50" a WhatsApp da Telegram da 'yan dubban naira, araha ba ta ado. Asusun ba naka ba ne, mai shi na asali na iya karɓe shi da rasidin sayen farko, kuma sayar da asusu ya saɓa ƙa'ida, ba inda za ka kai ƙara. Naka na kanka ka sa masa kariyar Steam Guard ta manhajar waya, ka ajiye lambar ceto a takarda, domin satar waya ko canjin layi na iya raba ka da shi.

Ga 'yan gida ɗaya akwai Steam Families, da aka buɗe wa kowa a 2024: mutum shida, kowa na buga yawancin wasannin kowa, sai dai mutum biyu ba sa buga kwafi ɗaya lokaci guda. Wanda ya fita daga iyali ba zai shiga wani ba sai an shekara da shigarsa na farkon. Iyaye su sani kantin na ɗauke da wasannin da ba su dace da yara ba, har The Witcher 3 da ake yabo yana da wuraren tsiraici. A cikin wannan tsari uba ko yaya na iya zaɓar abin da yaro zai gani, ya sa masa awoyin wasa, saye kuma sai da amincewarsa.

Ba Steam kaɗai ba ne kanti: Epic Games Store na ba da gem kyauta duk Alhamis, kullum kuma a kwanakin ƙarshen Disamba, har GTA V ya taɓa bayarwa a Mayun 2020. Karɓa ba ya cin data, gem ɗin na zama a asusunka har ranar da ka samu layi mai kyau. Manhajarsa dai ba ta kai ta Steam ba wajen kula da saukewa da bayanan masu saye. Kantin GOG kuwa, na ƙasar Folan, yana yin tasa garaɓasar kusan lokaci ɗaya da Steam, wa'adin mayar da kuɗinsa kwana 30 ne, kuma wasanninsa ba su da kulle: ka sauke fayil ɗin girkawa, ka ajiye a faifai, ka girka duk lokacin da ka so ba tare da intanet ba. Wasanninsa ba su kai na Steam yawa ba, ba ƙwallo, ba yawancin sababbin manya. Amma Stardew Valley, Hollow Knight, Terraria da The Witcher 3 duk suna can, kuma idan farashi ya zo ɗaya, mai zama inda layi ke yankewa ya ɗauki na GOG.